Tuwon da Injiniya Bai Ci Ba

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don na san akwai masu cewa Dije ta rasa aikin yi, ana fama da jinyar mutane ita tana ba da labarin jinyar kifi. To, na yi jinyar mutum na yi ta kifi a cikin wata uku guda, kuma ta kifin ce ta bar min tabo. Saboda mata masu hali irin nawa nake rubutawa, masu ganin kowace cuta yunwa ce, kuma muna da yawa.

Maigidana, wanda kowa ke kira Injiniya har da ni, ɗan masunta ne daga Yawuri. Shekarar da muka sayi gida a Lanham, a nan Amurka, tun kafin ya gyara ƙofar garejin da ke cijewa, sai da ya haƙa ƙaton rami a bayan gida. Ya shimfiɗa masa baƙar roba, ya jera duwatsu a gefe, ya sa famfo da matatar ruwa, ya zuba kifayen ado irin waɗanda ake kira koi. Ba a cin su, kallonsu kawai ake yi. Ni Bazazzagiya ce, kifi a wurina ko dai yana cikin miya ko yana cikin kasko, don haka na sha yi masa tsiya. Yakan ce mahaifinsa ya shekara hamsin yana fitar da kifi daga ruwa, shi kuma zai ƙare tasa rayuwar yana mayarwa.

Su tara ne. Babbarsu fara ce tas, da jan tambari a tsakiyar kai kamar an ƙunsa mata lalle, sai ya sa mata suna Mai Lalle. Ya sayo ta ba ta wuce ɗan yatsa ba, ta shekara goma sha huɗu a gidanmu, ta fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu. Idan ya dawo aiki sai ya tsuguna a bakin tafkin ya ƙwanƙwasa dutse da zobensa sau uku. Ƙananan su rugo suna ture juna. Ita sai kowa ya gama haukarsa sannan ta taso daga ƙasa a hankali, ta karɓi nata daga yatsunsa.

Abu ɗaya ne na kasa yafe masa a kan kifayen nan. Da sanyi ya shigo wajen Nuwamba sai ya rufe gwangwanin abincinsu ya ɗora a saman kanta, ba zai sake ba su ko ƙwaya ɗaya ba sai Afrilu. Akwai wani ma'aunin zafi da ke yawo a kan ruwan, ya ari janfarcena ya ja masa layi a kan hamsin, a lissafin zafi irin na Amurka. Ya ce muddin ruwa bai wuce layin nan ya zauna ba, babu ci.

«Injiniya, ka ji tsoron Allah,» nake ce masa kowace shekara. «Azumin Ramadan ma wata ɗaya ne, kuma ana shan ruwa da magariba.»

«Cikinsu barci yake yi, Dije. Abin da suka haɗiya ba zai narke ba.»

Ni kuwa a raina na ɗauka karatun Bature ne ya haɗu da rowar Bayawure.

Ƙarshen Janairu, wata Asabar da hantsi, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi mako biyu a asibiti, daga nan aka mayar da shi wani gidan gashi da koyon tafiya a Silver Spring. Hannun dama da ƙafar dama sun yi nauyi, magana tana fita amma a hankali, kalma ɗaya ɗaya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗiya. Likitoci suka ce maƙogwaronsa bai dawo daidai ba, suka hana shi duk abin da ake taunawa, sai wani abu mai kauri kamar kamu, marar gishiri marar ɗanɗano, ana ba shi da ƙaramin cokali.

Mai yi masa gashi ta tambaye shi ina yake so ƙafarsa ta fara kai shi idan ta warke. Bai ce ofis ba, bai ce masallaci ba, Allah ya yafe masa. Ya ce bakin tafki. Ta sa na je gida na ƙirga taku daga ƙofar kicin zuwa dutsen da yake ƙwanƙwasawa, na samu talatin da ɗaya. Aka rubuta 31 da babban baƙi a allon ɗakinsa. Ranar farko taku biyu ya yi ya zauna yana haki. Daga ranar, mutumin nan ba don ni yake tashi ba, ba don 'yarmu Amira da ke jami'a ba, don ya je ya ƙwanƙwasa wa Mai Lalle dutse yake tashi. Ban ji haushi ba. Ko don akuya zai tashi, ni dai ya tashi.

Ni kuma kullum sai na tuƙa tuwo. Na san an hana, amma hannuna ya ƙi yarda. Yayarsa, Yaya Asabe, tana kira daga gida kullum da magana ɗaya.

«Dije, majinyaci in yana ci, an gama. Wannan ruwan kokon nasu ba zai tayar da namiji ba. Ki lallaɓa ki ba shi tuwo, ko loma uku ce.»

Ran nan na shiga da kula a cikin jakar sallayata, tuwon shinkafa miyar kuka da man shanu. Na ja labule, na yanko loma ƙarama, na kai bakinsa. Sai na ji an riƙe min hannu. Wata mai kula da marasa lafiya ce, Memuna, 'yar Kumasi, mai Hausar zango. Ba ta ɗaga murya ba.

«Hajiya, wannan tuwo in ya shiga, ba ciki zai je ba. Huhu zai je. Ki ajiye.»

Na ce mata shekara ashirin da shida ina ciyar da mutumin nan, ba ita za ta koya min ba. Na ce har ta manta daga inda ta fito, ta zama Baturiya. Ta saurare ni har na gama, ta rufe kular, ta miƙo min. Daga ranar duk lokacin da na shigo sai ta dubi jakata, ni kuma na daina amsa gaisuwarta yadda ya kamata.

Tuwon ya dawo gida. Kuma ba shi kaɗai ba. Duk wanda ya san mutanenmu a nan ya san yadda dubiya take. Daga Lanham, daga Silver Spring, har daga Alexandria mata suka riƙa zuwa da kuloli: waina, dambu, shinkafa da miya, farfesun kaza, funkaso. Mai ciwon ba ya ci, Amira tana makaranta, ni kaɗai ce a gida, kuma ni ma ba na cin abin kirki. Firji ya cika, firizar gareji ta cika. A gida Zariya wannan ba matsala ba ce, kafin la'asar maƙwabta sun raba, ragowar awaki da kaji sun cinye. A nan kowa ƙofarsa a rufe. Akwai wani inji a magudanar kicin da ke niƙe ragowar abinci ya tura shi ƙasa, shekara da shekaru ban taɓa kunna shi ba. An tashe mu a kan cewa ko ƙwayar shinkafa ce ta faɗi ƙasa ka ɗauke ta, kuma ban iya buɗe bola in juye tuwo a ciki ba.

Farkon Maris aka yi wata rana mai ɗumi. Na fita bayan gida da kular a hannu ban san inda zan kai ta ba, sai na ga kifayen sun taso suna yawo a hankali. Wata huɗu rabonsu da abinci. Tausayinsu ya kama ni. Na ga ma'aunin yana yawo, ruwan bai kai layin janfarcen ba, na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Na ce yau maigidan ba ya nan, ku zo ku sha ruwa. Na marmasa tuwon na watsa. Suka ci. Mai Lalle ta taso a ƙarshe ta karɓa daga hannuna, karo na farko a shekara goma sha huɗu, har na ji wani daɗi.

Mako uku ina yi. Tuwo, shinkafa, waina, wani lokacin har da maiƙon miya a jiki. Abin da suka ci suka ci, abin da suka bari ya nutse ƙasa. Ina ɗaukar su bidiyo in kai wa Injiniya, amma sai na bari sun gama ci. Wata rana ya daɗe yana kallon wayar, ya ɗago.

«Ba ki... ba su komai ba ko?»

«Me zan ba su?» na ce. «Ai gwangwanin yana saman kanta.»

Gwangwanin kam yana saman kanta. Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma ita ce wadda ta fi ci na har yau, domin da na faɗi gaskiya a ranar da akwai sauran lokaci.

A mako na farko na ciwon, ruwan ne ya fara canzawa. Ya yi duhu, kumfa ta taru a inda famfo ke zubowa, wani wari kaɗan yana tashi. Kifayen suka daina yawo, suka manne fikafikansu a jiki suka kwanta a ƙasa. Wani ɗan rawaya yana ta goga gefensa a dutse. A jikin Mai Lalle, ɓangaren hagu kusa da wutsiya, na ga ja kamar an ɗiga jini a farin zane, ɓawon wurin ya ɗan ɗaga. Me na yi? Na ƙara musu abinci. Na ce ba su da lafiya, su ci su samu ƙarfi. Garin neman ƙiba na samo rama.

Kwana huɗu bayan haka ɗan rawayan ya taso sama, ciki a waje. Jan da ke jikin Mai Lalle ya buɗe ya zama gyambo, faɗinsa kamar kwabo, tsakiya ja, gefe fari. Wasu uku ma suka fito da nasu.

Na faɗa wa Yaya Asabe, ta ce, «Dije, ƙanena yana kwance kina min zancen kifi? Ki kama su ki soya tun ba su mutu sun zama asara ba.» Da ta ga da gaske nake, ta ce in fasa kafso ja da yalo in barbaɗa a ruwan. Ƙawata Maman Sadik, wadda muke unguwa ɗaya, ta ce zuma da habbatus sauda babu gyambon da ba sa ci. Wani a cikin 'yan dubiya ya ce kanwa. Na gode musu duka, don kowa da zuciya ɗaya ya faɗa. Na gwada zumar. Na yi rabin awa ina bin Mai Lalle da raga, na kama ta, na shafa mata, ina sake ta ruwa ya wanke. Abin da na ƙara mata shi ne wahala da wani ɓawon da ragar ta kankare.

A mako na biyu na yi kuskure na biyu. Na ce ƙazanta ce, kuma ɗakin majinyaci ba a barinsa da ƙazanta. Na kwashe kifayen a bahon wanki, na zubar da ruwan kusan duka, na ɗebi ruɓaɓɓen tuwo daga ƙasan tafkin da hannuna har sai da na yi amai. Na buɗe matatar na ga soso baƙi ƙirin, na wanke shi da ruwan zafi da sabulu har ya yi fari. Na cika tafkin da ruwan famfo mai sanyi, na mayar da su. Na tsaya ina kallon ruwa garau ina jin na yi aiki. Washegari biyu suka mutu.

A nan ne na tsorata. Na kira Amira na faɗa mata komai, ina Hausa tana amsa min da Turanci kamar yadda ta saba, sai da na gama ta ce da Hausa, «Mama, yi haƙuri,» ta shiga neman likita. Ashe likitan dabbobi da yawa ba sa duba kifi. Wannan ya ce karnuka da kyanwoyi kawai, wancan ya ce a kira wani, wanin ya ce sai bayan wata guda. A ƙarshe aka samu wata can cikin jihar Virginia, gaba da Alexandria, ita ma sai bayan kwana shida, kuma sai dai mu kai mata. Kwana shidan nan ina kallon gyambon yana faɗi, ba ni da abin yi sai addu'a. Na daina ba su abinci, ba don na gane ba, don sun daina karɓa.

Ran zuwa, ni da Maman Sadik muka sa Mai Lalle a babbar kular da ake zuba ƙanƙara ran biki, muka ɗaure ta a kujerar baya, na ɗebi ruwan tafkin a kwalba kamar yadda aka ce. Cunkoson babban titi ya riƙe mu kusan awa biyu, duk birkin da na taka sai in ji ruwa ya bugi murfi. A ɗakin jira muka zauna tsakanin mai aku da mai kunkuru, mata biyu da mayafi da kula a gaba. Maman Sadik ta raɗa min, «Wallahi in labarin nan ya je gida, an gama da mu.»

Likitar ba ta fara duba kifin ba, ruwan ta fara dubawa. Ta ɗiga wani magani a cikin kwalbar gwaji, ruwan ya koma kore shar. Ta tambaye ni me suke ci. Na faɗa mata. Ta tambaye ni mene ne tuwo, na yi bayani, ta rubuta ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata da wannan. Sannan ta faɗi maganar da ta zauna min a kai, ga ta yadda na fahimce ta: kifin ba shi ya fara ciwo ba, ruwan ne ya fara ciwo.

Ta ce a cikin sanyi cikin kifi ba ya narkar da abinci, garkuwar jikinsa ma barci take yi, amma ƙwayoyin cuta suna riga ta farkawa da bazara ta matso. Abincin da ya ruɓe a ƙasa ya zama guba a ruwan, ya ƙona musu fata da huhunsu na kifi, ya buɗe wa cuta ƙofa. Baƙin soson da na wanke kuwa, ta ce ba datti ba ne, wasu halittu ne masu rai da ke cinye gubar nan, Injiniya ya shekara yana rainonsu, ni na kashe su da sabulu a yini ɗaya. Ruwan famfo kuma akwai maganin da ake sa masa don mu sha lafiya, shi ma yana ƙona kifi in ba a kashe shi ba tukuna. Duk abin da na yi don gyara, ɓarna ce.

Ta ɗiga wani mai a ruwan kular, ƙamshin ya bugi hancina, na ce wannan ai kanumfari ne. Ta ce shi ne, da shi ake sa kifi barci. Mai Lalle ta kwanta a gefe ta yi laƙwas. Aka ɗora ta a jiƙaƙƙen tawul, likitar ta goge gyambon da auduga da aidin, ta cire mataccen ɓawo, ta shafa wani man da ruwa ba ya wankewa, ta yi mata allura a ciki. Da aka share wurin sai na ga zurfinsa, har nama ya bayyana. Na tambaye ta ko za ta tashi. Ta ce da mun zo mako biyu da suka wuce da ta ce e.

Mako na uku da na huɗu a gareji na yi su. Muka sayo babban baho na roba, da abin ɗumama ruwa, da injin iska, da gishiri marar haɗi. Kuɗin da ya tafi ba zan faɗa ba don kada Yaya Asabe ta ji ta yanke zumunci. Mai Lalle da sauran ukun masu gyambo suka koma bahon, ana ɗaga ɗumin ruwan kaɗan kaɗan kowace rana. Kullum da safe in gwada ruwa, in zubar da kashi ɗaya cikin biyar, in zuba sabo da aka kashe wa magani. Bayan kwana uku uku in ɗiga kanumfari, in ɗauko su ɗaya ɗaya in wanke miki, in yi allurar da aka koya min. Daga nan in yi wanka in kama hanyar Silver Spring. Likitar ta ce kada in ba su komai sai ta ce. Wannan ya fi allurar wuya a wurina.

Shi kuwa Injiniya yana taku goma sha takwas, yana ashirin da biyu. Duk na shigo sai ya miƙo hannun hagu a ba shi waya. Na riƙa nuna masa tsofaffin bidiyo na farkon Maris. Yana kallo, yana mayar min. Maman Sadik ta ce akwai gonar da ake sayar da irinsu, mu nemo fara mai jan kai mu saka, mutumin da ya yi wannan ciwo ba zai tantance ba. Har na karɓi adireshin. Amma na san mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana ba ta abinci a baki ba zai kasa gane ta ba.

Ukun nan suka fara warkewa. Likitar ta ce in lura, idan jan ya koma fari fari kamar an shimfiɗa siririn mayafi a kai, sabuwar fata ce. Na gani a jikinsu, na yi hamdala. A jikin Mai Lalle ma gefen ya fara fari, har na kira Amira ina murna. Sai kuma ranar Talata na ga cikinta ya kumbura, idanunta sun firfito, ɓawon jikinta duk ya miƙe tsaye kamar bayan abarba. Na aika wa likitar hoto. Ta kira ni da kanta ta ce cutar ta shiga ƙoda, babu sauran magani, abin da ya rage shi ne kada a bar ta tana wahala. Ta faɗa min yawan kanumfarin da zan zuba.

Na yi kwana biyu ban iya ba. Ran Alhamis da la'asar na ga ta kasa daidaita kanta a ruwa, tana jirkicewa tana ƙoƙarin miƙewa. Na ɗebo ruwa a kular nan da muka je Virginia da ita, na sa ta, na ɗiga man, na sa hannuna a ƙarƙashinta har ta daina motsi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da Injiniya ya faɗi, don ranar ba ni na jawo ba. Na haƙa rami a gindin bishiyar da ke bakin tafkin na binne ta. Garejin ya yi mako yana ƙamshin kanumfari, kuma har yau ba na sa shi a shayi.

Tsakiyar Mayu aka sallamo shi. Na yi niyyar faɗa masa a mota, na kasa. Muna shiga gida bai zauna ba, ya ce a buɗe masa ƙofar kicin. Ya kama sandarsa, ni ina gefen dama, Amira tana bayansa, yana ƙirgawa da bakinsa. A ashirin da shida ya tsaya ya huta. Ya kai talatin da ɗaya. Tsugunawa ba ta yiwuwa, sai muka kawo masa kujera, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa dutsen da zoben da ya koma hannun hagu, sau uku.

Biyar suka zo, uku da tabo a jiki. Ya bi su da ido. Ya ci gaba da kallon ƙasan ruwan, yana jira. Ni na san abin da yake jira, kuma ruwan garau yake, ana ganin har ƙasa.

«Injiniya,» na ce.

«Kifi na ganinki, mai jar koma,» ya ce, bai juyo ba. «Bishiyar nan... takan yi fure a Afrilu. A bidiyonki ba ta da ko ganye.»

Ashe ya sani tun tuni, ya yi ta takunsa bai tambaye ni ba. Na durƙusa a gefen kujerar na faɗa masa duka, tun daga ranar ɗumin nan ta Maris, da layin janfarcen da na gani na ƙi bi, da ƙaryar gwangwani, da soson, da kanumfarin. Na nuna masa gindin bishiyar.

«Me kika ba ta?»

«Tuwo.»

«Wane tuwo?»

«Naka. Wanda Memuna ta hana ni ba ka.»

Ya juyo ya dube ni a karo na farko. Na zaci faɗa zai yi, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ɗora hannun hagun a kaina, ya ce a hankali, kalma ɗaya ɗaya, «To, ai ita ta fanshe ni.»

Sai a lokacin na haɗa abin a kaina. Tuwo ɗaya ne, hannu ɗaya ne, tausayi ɗaya ne. Shi ma an ja masa layi an ce kada a wuce, shi ma na ga layin na ce na fi su sani. Bambancin kawai shi ne a ɗakinsa akwai wadda ta riƙe min hannu, a bayan gida kuwa babu kowa.

Washegari na koma Silver Spring na nemi Memuna. Na gaishe ta yadda ya kamata, na roƙe ta gafara a gaban abokan aikinta. Ta ce, «Ba komai, Hajiya, ba ke kaɗai ba ce, kullum muna kama kula.» Na tafi mata da turmin atamfa. Ban kai mata abinci ba.

Ga abin da zan ce wa duk wadda aka bar wa amanar mai rai, mutum ne ko dabba. Idan wanda ya sani ya ce kada a ba shi, kada ki ba shi, ko da yana kallonki, ko da ya buɗe baki ya karɓa. Karɓa ba ita ce alamar lafiya ba. Abincin dubiya in ya yi yawa, ki ce wa mutane ya isa, ba rashin kunya ba ne. In ya lalace ki zubar ki yi istigfari, ya fi abin da na yi sauƙi.

Yanzu ni ke duba ma'aunin kowace safiya, na sake ja masa layin da sabon janfarce. Injiniya yana fita da la'asar ba sanda. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma yarda a sayo wata ba. Yakan ƙwanƙwasa sau uku, biyar ɗin su zo su ci su watse. Sai ya bar ƙwaya ɗaya a tsakanin yatsunsa, hannun a cikin ruwa, ya ɗan jima haka kafin ya sake ta. Ni ina tagar kicin ina gani, kuma ban taɓa iya fita in tsaya kusa da shi a wannan lokacin ba.